Amsar Kawu Kan Al'adar Riƙon Ƙasa Wurin 'Yan Asali

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni. Ka ce ka kasa gane abin da ya sa ƙabilun da ake kira 'yan asalin ƙasa suke ƙin karɓar diyya idan gwamnati ko kamfani ya nemi dajinsu, alhali ba su da takardar mallaka, kuma mafi yawan filin ba noma shi suke yi ba. Har ka tambaya ko wannan al'ada tasu, ta cewa ƙasa ba abin sayarwa ba ce, taurin kai ne kawai da ke hana su ci gaba. Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, don haka sai ka yi haƙuri da ni.

Mutanen da kake magana a kansu suna da yawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa sun kai miliyan 476, suna zaune a ƙasashe kusan 90, wato kimanin kashi 6 cikin ɗari na mutanen duniya, amma kuma su ne kusan kashi 19 cikin ɗari na masu fama da matsanancin talauci. Akwai mafarauta a cikinsu, akwai masunta da makiyaya da masu ɗiban zuma, akwai kuma manoman da kan nome wuri shekara biyu ko uku, su bar shi saura har ya farfaɗo kafin su dawo. Harsunansu da addinansu sun bambanta ƙwarai. Abin da ya haɗa su shi ne an tarar da su a wurin, kuma hukumar da aka kafa daga baya ta rubuta dokar ƙasa ba tare da ta tambaye su ba.

Kuskuren farko da ke cikin tambayarka shi ne ɗaukar filin da ba a nome ba a matsayin filin da ba shi da mai shi. Ka dubi Ogiyek na dajin Mau a Kenya, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga zuma da farauta. Baƙo zai ratsa dajin yini guda bai ga kunya ko ɗaya ba, ya ce ai fili ne kwance. Da zai ɗaga kai, da ya ga amya a rataye can saman bishiyoyi, kuma kowace amya an san ta wane ce, kowane dangi an san inda yankinsa ya tsaya. Haka abin yake wurin makiyayi: kwarin da ka gani ba dabba ko ɗaya da damina, shi ne abin da ya tanada domin rani, in ka killace shi ka kashe garken tun kafin fari ya zo. Wanda ya dogara ga daji yana buƙatar fili mai faɗi ne domin ba ya cinye shi a lokaci ɗaya, kuma wannan ja da baya da yake yi shi ne abin da mai taswira ke karantawa a matsayin rashin amfani.

Batun takarda kuwa, bari in ba ka labarin Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer a arewacin Ostireliya. Yana aikin lambu a wata jami'a a garin Townsville, wata rana cikin hira da malaman tarihi yana ba su labarin gonakin gidansu, sai suka gaya masa cewa a idon doka filin nan na gwamnati ne, domin Turawan Ingila sun ɗauki ƙasar baki ɗaya tamkar ba ta da masu ita lokacin da suka iso. Abin ya girgiza shi, domin a tsibirinsu kowa ya san iyakar lambunsa, an san wanda ya gada daga wane, kuma suna da tsohuwar doka da ta hana mutum sa hannu ko ƙafa a filin da ba nasa ba. Shi da wasu 'yan uwansa suka shigar da ƙara a 1982. Shekara goma ana tafka shari'a, sai a ranar 3 ga Yuni, 1992 Babbar Kotun ƙasar ta yanke cewa haƙƙin da al'ada ta ba su ya riga zuwan Turawa, kuma bai mutu ba don kawai ba a rubuta shi ba. Mabo bai ga wannan rana ba, ya rasu a watan Janairun shekarar. Ina so ka lura da kyau cewa kotun ba kyauta ta yi musu ba. Amincewa ta yi da cewa al'adarsu doka ce tun asali, mai iyaka da gado da hukunci, sai dai a ƙirji ake riƙe ta.

To, me zai hana a raba wa kowa nasa, a ba shi takarda, ya yi yadda ya ga dama? An gwada wannan, kuma sakamakonsa a rubuce yake. A 1887 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira ta Dawes, wadda ta yayyanka filayen ƙabilu, aka ba kowane magidanci eka 160, abin da ya saura kuma aka ce rara ne, aka buɗe shi ga baƙi. Wasu daga cikin masu goyon bayan dokar da kyakkyawar niyya suka yi, suna ganin hakan zai mai da mutanen manoma masu dogaro da kansu. Amma bashi da haraji da 'yan damfara suka yi ta cinye filayen ɗaya bayan ɗaya, ta yadda kafin a dakatar da tsarin a 1934, ƙasar da ke hannun ƙabilun ta faɗo daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48. An kwance maɗaurin tsintsiya ne, sauran aikin kuwa ko yaro zai iya. Idan ka ji dattijon wata ƙabila ya ce ba wanda ke da ikon sayar da ƙasa shi kaɗai, to, irin wannan yake gudu, ko da bai taɓa jin sunan dokar ba.

Diyya kuma tana da amfani inda abin da aka karɓe yake da madadi. Manomin da aka biya zai iya sayen wata gona, amma mai ɗiban zuma da aka fitar daga daji aka ajiye shi a bakin titi, iliminsa na wace bishiya ke fure a wane wata, wace saiwa ke maganin me, duk ya zama ba shi da wurin aiki. Kuɗin kan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, mutumin da jiya yake ciyar da gidansa ya koma ɗan ƙwadago mafi arha a kasuwa. Ga kuma kaburburan iyaye da wuraren ibada. Dongariya Kond na jihar Odisha a Indiya suna girmama duwatsun Niyamgiri a matsayin mazaunin abin bautarsu, kuma a ƙarƙashin duwatsun akwai ma'adinin da ake yin alminiyam da shi. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a tambayi majalisun ƙauyukansu, aka tambayi ƙauyuka 12, dukkansu suka ce ba su yarda a haƙa ba. Ni da kai ba mu yi imani da abin da suka yi imani da shi ba, amma bambancin addini bai taɓa halatta ƙwace wa mutum mazauninsa ba.

A kan takarda al'amura sun gyaru sosai. Akwai yarjejeniya mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta 1989, akwai kuma sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007, wadda ta ce kada a tashi mutane daga ƙasarsu sai da yardarsu, yardar da aka nema tun kafin a fara aiki, bayan an yi musu cikakken bayani, ba tare da tursasawa ba. Aiwatarwa ce ke da wuya. Ogiyek ɗin nan sun yi nasara a Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a 2017, amma a 2023 an sake rushe gidajen wasunsu a dajin, da sunan kare muhalli. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, a ce mutanen da dajin ya rayu a hannunsu su ne ake kora domin a ceci dajin.

Kada kuma ka ɗauka ina wanke su daga kowane laifi. Akwai shugabannin da kan sa hannu a ɓoye su karɓi nasu, akwai al'ummomin da ba sa barin mata su yi magana a kan filin da su ne suka fi wahala a kansa, kuma matasansu suna son makaranta da asibiti da wayar hannu kamar kowa. Gyaran waɗannan abubuwa wajibi ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba a gyara wa mutum ɗaki bayan an kore shi daga cikinsa.

Abin da nake jin tsoronsa ya fi bulldoza shi ne mutuwar harshe. A Kanada an ɗauke yara kimanin 150,000 daga iyayensu aka kai su makarantun kwana inda ake hukunta su in sun yi yarensu, kuma na ƙarshen waɗannan makarantu bai rufe ba sai a shekarun 1990. Ka haɗa wannan da shari'ar Delgamuukw, inda dattawan ƙabilun Gitxsan da Wet'suwet'en suka tsaya a gaban alƙali suna kawo tarihin gidajensu da waƙoƙin gado da sunayen tsaunuka da rafuka domin nuna iyakokinsu. Alƙalin farko bai ba wannan shaida nauyi ba, amma a 1997 Kotun Ƙolin Kanada ta ce wajibi ne a karɓi tarihin baka a auna shi kamar yadda ake auna rubutacciyar shaida. Da a ce makarantun nan sun gama aikinsu, da ba a sami wanda zai tashi ya rera waƙoƙin a kotu ba. Shi ya sa a yau za ka ga matasan ƙabilu da dama suna bin tsofaffinsu cikin daji da na'urar auna wuri a hannu, tsoho yana faɗin sunan rafi da na wanda aka binne kusa da shi, yaro yana sa alama a taswira.

Ka gai da mahaifiyarka da yaran, Allah ya yi muku albarka.

Kawunka