Tambaya da Amsa: Kallon Tsuntsaye da Malam-buɗe-littafi a Damina

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Bauchi. Na fita da ɗalibaina bayan gari da misalin ƙarfe 12 don su ga tsuntsaye, ban da kurciya ba mu ga komai ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri, aikin nan yana da kyau. Lokacin fitar ne bai dace ba. Idan rana ta take, tsuntsu inuwa yake shiga ya yi tsit. Ku fita da hudowar rana, zuwa ƙarfe 9 kun gama. Ka raba yaran kada rukuni ya wuce goma, a tafi a hankali, rana tana bayanku, don in tana gabanku baƙi kawai za ku gani, ba launi. A guji fararen kaya, tun daga nesa ake hango su.

Ku bi gefen fadama ko bakin gonar gero da dawa a watan Agusta da Satumba. A nan mulufi yake, namijin ja wur, cikinsa baƙi, yana kumbura gashinsa a kan ciyawa. Da rani wannan jan duk zubewa yake, ya koma ruwan ƙasa kamar macen, shi ya sa ake zaton ya bar gari. Idan kun samu bishiyar da marai ya mamaye, ku zauna minti 15. Namiji ne ke saƙar sheƙa: zai tsago ɗanyar ciyawa, ya fara da zobe, ya ɗora ɗaki a kai, ƙofa tana kallon ƙasa, sannan ya rataya yana kaɗa fukafukai don mace ta zo dubawa. Shamuwa kuwa ba sai an je daji ba, tana kan kuka da tsamiyar cikin gari tun farkon damina, wajen Oktoba ta nufi kudancin Afirka. Zalɓe da kirinjijiya sai bakin ruwa, kamar madatsar Gubi.

A kula da ƙafa. Kowane yaro ya sa takalmi rufaffe, a bi turba, ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa. A nemi izinin mai gona. Hadari ya haɗo, a bar kwari da gindin bishiya.

Tambaya: Daga Gombe nake. Ina son ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi da waya, amma kafin in matsa ya tashi.

Amsa: Malama, daina bin sa, nemi tsiron da yake zuwa. Shi sai jikinsa ya ɗumama yake tashi, don haka daga ƙarfe 9 zuwa 11 ne lokacinki, kafin ya yi kuzari sosai.

Mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari a kan tumfafiya yake ƙwai. Juya ganyen, za ki ga tsutsa mai zanen fari, baƙi da rawaya. Dafin da ta ci a ganyen yana nan a jikinsa bayan ya yi fiffike, tsuntsaye ba sa son sa, shi ya sa yake tashi a natse, ya fi kowanne sauƙin ɗauka. Ki wanke hannu, ruwan tumfafiya yana illa ga ido. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya bishiyar lemo yake nema, ƙaramar tsutsarsa kamar kashin tsuntsu take. Farare da rawaya suna wajen tafasa da rai-ɗore.

Kashegarin ruwan sama ki duba laka inda shanu suka sha ruwa. Mazan sukan taru a can suna tsotsar gishiri, ba sa saurin tashi. Ki tsuguna, ki matso ta baya, kada inuwarki ta faɗa kansu, ita ce ke korar su. Ruɓaɓɓiyar ayaba a kan kututture ma tana jawo wasu manya. Kada a kama fiffike da yatsa, garin da ke manne miki ɓawon launinsa ne, ba ya sake fitowa.

Tambaya: Yankari fa, ana iya yawo da ƙafa?

Amsa: Ba a shiga dajin sai da ma'aikacin da ke rakiya. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a can, da yawansu za ka gani a kewayen sansanin Wikki ba tare da ka yi nisa ba. Kada ka sa shuɗi ko baƙi, su tsando ke bi.