Tarakta Tana Tafasa a Gona: Ta Ina Ake Fara Dubawa?

"Oga, an kawo mana Massey Ferguson 375 daga wajen Kadawa. Direban ya ce da ya ɗaura haro ya yi kamar rabin awa yana aiki sai allurar zafi ta hau ja, ruwa ya kama tafasa. Mai ita ya ce a cire tamostat, a sake gasket ɗin kai, a wuce wurin. In fara kwance kan injin?"

Ajiye sifanar nan tukuna, yaro. Kan inji shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulo (gangar jikin injin), ba kasafai yake ƙonewa don kansa ba, zafi ne yake ƙona shi. In ka sa sabo ba ka gano abin da ya kawo zafin ba, kafin a gama sharar gonaki tarakta ta dawo, kuma wannan karon wataƙila da kan inji a tsage. Kuɗin mutum ka ƙona, sunan garejin kuma ka ɓata.

Fara da bakin direba. Ka tambaye shi yaushe take zafin: sai an ɗora mata nauyi, ko ko a tsaye ma tana yi? Tana shan ruwa kullum ne, ko ruwan yana nan cike amma allura tana hawa? Farat ɗaya zafin ya zo, ko a hankali ya riƙa ƙaruwa daga bara zuwa bana? Wanda ya zo farat ɗaya yawanci fambel ne, ko tiyo ya fashe, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya maƙale. Wanda ya taho a hankali, kuma ba ya nunawa sai an sa garma a ƙasa, kusan kullum lagireto ne yake toshewa, ta waje ko ta ciki. Abin da direban nan ya faɗa ya fi kama da wannan na biyun. Ka kuma tambaye shi wane ruwa yake zuba mata, da wace giya yake aiki.

Sannan ka tabbatar zafin gaskiya ne. Injin Perkins irin na waɗannan taraktoci yana aiki daidai tsakanin digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas. A tsohuwar tarakta geji yana iya yin ƙarya in waya ta goge ta taɓa jikin ƙarfe. Amma tunda an ga ruwa yana tafasa da ido, ba sai mun daɗe a nan ba. In kana da ma'aunin zafi na kanikawa wanda ake haskawa daga nesa, ka haska gidan tamostat. Irin wanda aka riƙa haska wa mutane a goshi lokacin korona ba zai yi ba, bai kai wannan zafin ba.

Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ko da tsumma a hannunka. Ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, kana sassauta murfi zai yo sama ya saɓule maka fatar fuska. Ka ba shi aƙalla rabin awa. Ka kuma koya wa direbobi: in allura ta hau amma akwai ruwa kuma fambel bai tsinke ba, a ɗaga garma, a rage wuta, a bar inji yana juyawa a hankali na 'yan mintuna har allura ta sauko. In ruwa ya zube ko fambel ya tsinke, a kashe nan take. Kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya bushe ya yi ja shi ne yake tsaga kan inji da bulo, kuma da yawa daga cikin kawunan da ake nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano haka aka kashe na asalin.

Yanzu iska. Cire ragar gaba, ka sa tocila a bayan lagireto ta wajen fanka, ka dawo gaba ka leƙa. Inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa. A ƙasarmu nan matsalar ta fi yawa, domin tarakta ba ta hutawa da ƙura. Ana casar shinkafa ko alkama tana tsaye wuri ɗaya ƙaiƙayi yana sauka a kanta, a kwarin Haɗejiya ga audugar kacala tana tashi, a watan Afrilu da Mayu kuma zafin gari kansa yana haura digiri 40. In akwai ɗan yoyon mai a gaban inji, ƙurar sai ta haɗu da shi ta zama taɓo ta manne a tsakanin ganyayyakin lagireto. Ta gaba za ka ga kamar tsaf yake, cikin tsakiya kuwa a cushe. Ka busa da iskar kwamfaresa daga baya zuwa gaba, wato akasin yadda fanka ke jan iska, don dattin ya koma ta inda ya shigo. In da maiƙo, ka jiƙa da ruwan omo, ka bari ya tsumu, ka wanke da tiyo a hankali. Injin wankin mota mai ƙarfi yana kwantar da ganyayyakin, sai ka toshe da hannunka abin da ka zo buɗewa. Waɗanda suka lanƙwashe ka miƙe su da bakin ƙaramar sukundireba. In akwai ƙaramin lagireto na mai a gaban babban, ka duba tsakaninsu, nan ciyawa take ɓuya.

Daga nan fambel. Danna shi da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1, ko ya ɗara kaɗan. Amma ɗauri kaɗai bai isa ba. Ka dubi gefensa, in ya yi sheƙi santsi yake yi. Ka dubi yadda ya zauna a fuli: fambel da gefe yake kamawa, in ya nutse har ya taɓa gindin ramin fuli, to ko shi ya cinye ko fulin, kuma duk yadda ka ja shi zai riƙa sulɓewa da an taka wuta. Kada ka ɗaure shi fiye da kima, boris ɗin famfon ruwa da na altaneta ne za su biya.

Fanka kuma ka ƙirga fukafukanta, ka ga babu wanda ya karye ko ya lanƙwashe. Akwai masu ɗaura ta a juye bayan gyara. Tana ci gaba da jan iska ta ɓangaren da ta saba, shi ya sa ba a ganewa, amma iskar ta ragu sosai. Cikin lanƙwasar fiffike shi ne yake kallon inji. Sai kwanon da ya zagaye fanka. Yara da yawa in sun cire shi ba sa mayarwa, wai wahala ne. Ba ado ba ne. In babu shi fanka tana jan iska ta gefe, ba ta cikin lagireto ba, kuma tarakta ba mota ba ce da iskar gudu za ta taimaka mata. A gona tafiyarta bai fi kilomita 5 zuwa 8 a awa ba, duk sanyinta a hannun fanka yake.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa. Yana riƙe matsi a cikin ruwa, a tsofaffin Massey galibi fam 7 ne zuwa 10, an buga lambar a kansa. Ruwa a buɗe a nan Kano yana tafasa kusan digiri 98, amma da murfi mai fam 7 sai ya kai wajen 110. Ka ga in robar murfin ta tsage, ko sifirin ɗinsa ya mutu, ko an toshe bakin da leda da tsumma, ruwa zai tafasa da wuri ya riƙa fita ta ƙaramin tiyon gefe. Ruwa ya ragu, zafi ya ƙaru, haka har ta tsaya. Ka sa murfi mai lamba ɗaya da na asali. Mai lambar da ta fi yawa zai fasa tsohon lagireto.

In duk wannan lafiya lau, sai ka cika ruwa, ka tayar da ita ta ɗauki zafi, ka kashe, sannan hannunka ya yi aiki. Ka kiyaye, sai inji a kashe. Taɓa tiyon sama da na ƙasa. A inji mai lafiya na sama da zafi, na ƙasa da zafi shi ma amma ya ɗan fi sauƙi. In inji ya yi zafi ƙwarai amma tiyon sama bai yi ba, ruwa ba ya fita daga inji, tamostat ne ya maƙale a rufe ko famfo ba ya turawa. In na sama ba ya taɓuwa na ƙasa kuma da sanyi, ruwan ba ya ratsa lagireto yadda ya kamata. In duka biyun zafinsu ɗaya kuma inji yana tafasa, ruwa yana zagayawa amma iska ba ta kwashe zafin, ka koma kan fanka da ganyayyaki. Sai ka shafa tafin hannu a fuskar lagireto daga hagu zuwa dama. Duk inda ka ji layin sanyi daga sama zuwa ƙasa, bututun da ke wurin sun toshe.

Abin da yake toshe su ruwan da ake zubawa ne. Ruwan kwalbatin ban-ruwa da na kududdufi da laka suke zuwa. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse kuma yana barin farin ɓawo, irin wanda kake gani a gindin butar mai shayi, kuma wannan ɓawon yana hana zafi ratsa ƙarfe. Ga tsatsa, ga abubuwan da ake zubawa don a tsayar da yoyo, wani sabulu, wani gari, wani ƙwai. Suna toshe yoyon, su toshe bututun da ke da lafiya tare da shi. Lagireto da ya kai haka wankin tiyo ba ya buɗe shi. A kai wa mai gyaran lagireto ya narke dalma ya cire tankin sama, ya zura siririn ƙarfe a kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, ya gwada shi a cikin ruwa da iska. In ya ce zai matse bututun da suka ruɓe ya kashe su, biyu ko uku babu laifi. In sun yi yawa a sake cikin gaba ɗaya. Kada ka yarda a wanke shi da ruwan batir, yana cin ƙarfe. Kuma kada ka mayar da wankakken lagireto a kan bulo mai datti. A gefen bulo akwai famfon zubar da ruwa, ka kwance shi. In ruwa bai fito ba laka ce ta cika gindin, ka tsokane da waya, ka yi ta ɗura ruwa har ya fito fari.

Tiyon ƙasa ka kalle shi inji yana gudu da wuta sosai. In ya tsufa ya yi laushi famfo yana tsotse shi ya manne, ruwa ya yanke, da an rage wuta kuma ya buɗe kamar ba komai. Famfon ruwa kuma ka kama fanka ka girgiza, inji a kashe. In tana motsi boris ya tafi. In ruwa yana ɗiga ta ƙaramin ramin da ke ƙarƙashinsa, sil ya mutu. Wani lokaci fukafukan cikinsa tsatsa ta cinye su, ko sun saki daga sandarsu, wannan sai ka kwance ka gani.

Maganar cire tamostat ban yarda da ita ba. Ka ciro shi ka gwada: rataye shi da waya a tukunyar ruwa a kan wuta. Ya kamata ya fara buɗewa wajen digiri 80, lambar tana jikinsa, ya buɗe gaba ɗaya kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. In ya yi haka mayar da shi, in bai yi ba sayi sabo. Inji mara tamostat da safiyar hunturu ba ya kaiwa zafin aikinsa, gas ba ya ƙonewa duka, yana wanke man jikin silinda, ringi su ci da wuri. A wasu injinan ma tamostat ne yake rufe 'yar hanyar da ruwa ke kewayawa cikin inji, in ka cire shi sai wani ruwan ya riƙa zagaye bai je lagireto ba, zafin ya ƙaru.

Akwai kuma zafin da ba daga ruwa yake ba. Duba baƙin mai. Duba kwanon matatar iska, in laka ta cika shi inji ba ya numfashi, sai baƙin hayaƙi da zafi. A lokacin ƙura kullum ake duba shi. Nozul mai ɗiga da injekta da aka ɗaura a makare su ma suna sa zafi, alamarsu hayaƙi da rashin ƙarfi. Sai direba kansa: ƙasar fadama mai laka ba ɗaya take da rairayin jigawa ba. In ya sa babbar giya ya nutsa haro, inji yana nishi yana baƙin hayaƙi, fanka da famfo suna juyawa a hankali daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Ya sauko da giya ɗaya, ya bar inji ya sake. Ka taɓa wajen birki ma bayan tafiya, ko ɗaya yana riƙewa.

Sai bayan duk wannan za ka tuhumi gasket, kuma yana da shaidunsa. Inji da sanyi, ruwa cike, murfi a buɗe, ka tayar. In kumfa tana tasowa a jere ba ta yankewa, tana ƙaruwa in an taka wuta, iskar silinda ce take shiga ruwa. In ka rufe murfi tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu tun inji bai ɗumama ba, shi ne dai. Haka farin tururi a salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma fari-fari ya ƙaru a sandar awo, ko ruwa yana ɓacewa babu yoyo a waje.

In ka ga waɗannan ka buɗe. Ka goge fuskar kan inji da ta bulo tas, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ka zura filageji, wato siririn ƙarfen awon tazara, a ƙarƙashinsa ka ga ko ya banƙare. In ya banƙare a kai a fere shi, a kuma duba tsaga a tsakanin bawul. Gasket mai kyau za ka sa, a ɗaure notuna da sifanar awo, daga tsakiya zuwa waje, a zagaye biyu ko uku, gwargwadon lambar da littafin injin ya bayar. Tazarar bawul a Perkins 4.236 da 3.152 milimita 0.30 ce, inji da sanyi. Bayan ta yi aikin awa 25 zuwa 50 a dawo da ita a sake bin notunan kai, a sake saita bawul.

Ruwan da za ka cika mata ya zama tatacce, na sama in da hali, da maganin hana tsatsa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin galan. Kuma kada ka sallame ta don ta yi shiru a gareji. Ka bi direban gona, a ɗaura haron nan, ta yi awa guda da tsakar rana kana kallon allura.