Filin Tambaya da Amsa: Shin Yawan Maƙalun Likita Shi Ne Shaidar Ƙwarewarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Watanni biyu ke nan da aka gano ƙanwata tana fama da sankarar jini, irin wadda ake kira CML. An ba mu sunayen ƙwararru biyu a fannin cututtukan jini, aka ce mu zaɓi wanda zai ci gaba da kula da ita. Na binciki sunayensu a intanet, sai na tarar ɗaya yana da maƙalun bincike sama da 150, na ɗayan kuwa ba su kai 20 ba. Yayyena sun ce babu abin dogon tunani, mu tafi wurin mai yawan rubutu, amma ni hankalina bai kwanta ba. Ta yaya wanda bai karanci likitanci ba zai fahimci irin wannan jeri? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ba ƙanwarka lafiya, Ya saka maka bisa wannan ɗawainiya. Rashin kwanciyar hankalinka yana da dalili, domin adadin maƙalu yana nuna cewa mutum ya daɗe cikin harkar bincike, amma ba ya nuna me ya gano, kuma ba ya nuna ko abin da ya gano ya shafi ciwon da ke damun ƙanwarka.

Ka fara da tabbatar da jerin kansa. Akwai rumbun PubMed, wanda Babban Ɗakin Karatu na Likitanci na ƙasar Amurka yake kula da shi, kuma kowa yana iya shiga kyauta. Idan ka rubuta sunan likitan za ka ga kanun kowace maƙala, da mujallar da ta buga ta, da shekarar. Sai ka lura, suna yakan zo ɗaya, har a haɗa aikin mutane biyu ko uku a ƙarƙashin suna guda. Daga nan ka karanta kanun ɗaya bayan ɗaya. Fannin cututtukan jini yana da faɗi ƙwarai, ya ƙunshi sikila, da ƙarancin jini, da ciwon rashin daskarewar jini, da sankara iri-iri na jini da na ɓargo, saboda haka yana yiwuwa maƙalu 150 ɗin kusan duka a kan sikila suke, alhali na ɗayan, duk da ƙarancinsu, a kan CML suke.

Su maƙalun ma ba nauyinsu ɗaya ba. Wata labarin mara lafiya guda ne da likita ya ga wani abin mamaki a jikinsa, wata wasiƙa ce zuwa ga edita, wata kuma tattara abin da wasu suka riga suka rubuta ne. Mafi nauyi ita ce wadda ta ba da sakamakon gwajin magani, inda aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wani rukuni sabon magani, aka bar ɗayan a kan tsohon, sannan aka bi su shekaru ana kwatantawa. Ka kuma dubi inda sunan likitan ya faɗo. A al'adar mujallun likitanci, sunan farko na wanda ya yi mafi yawan aikin ne, na ƙarshe kuma galibi na jagoran binciken ne. Babban gwaji yana iya ɗaukar sunaye masu yawa a tsakiya, waɗanda gudummawarsu ta gaskiya ce amma ba su suka tsara aikin ba.

Tarihin ciwon ƙanwarka shi kansa ya isa misali. A 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka wallafa ɗan gajeren bayani cewa sun ga ɗaya daga cikin zaruruwan gado da ke cikin ƙwayoyin jinin masu CML ya gajarce fiye da yadda ya kamata. Ba a san dalili ba har shekaru 13, sai da Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta ɗauki hotunan zaruruwan, ta yanka su da almakashi, ta jera su a kan teburin cin abinci na gidanta tana gwada wannan da wancan. A nan ta gane cewa guntun da ake zaton ya ɓace daga zare na 22 bai ɓace ba, ya koma ne ya manne a zare na 9. Mujallar Nature ta buga wannan a 1973, cikin shafuka kaɗan. Daga baya aka gano cewa musayar da ke faruwa tsakanin zaruruwan biyu tana haifar da wani gurɓataccen sinadari mai suna BCR-ABL, wanda yake tilasta wa ɓargo ya yi ta fitar da fararen ƙwayoyin jini babu ƙaƙƙautawa. A 2001 Brian Druker da abokan aikinsa suka wallafa a New England Journal of Medicine sakamakon gwajin imatinib, ƙwayar da ke toshe wannan sinadari: cikin mutane 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a kullum, jinin 53 ya daidaita. A watan Mayu na shekarar hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin. Ciwon da a da yake kisa cikin 'yan shekaru ya zama wanda mafi yawan masu shan magani a kan ƙa'ida suke rayuwa da shi shekaru masu tsawo, kuma idan aka bi sawu za a ga maƙalu uku ne ginshiƙan wannan sauyi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda nake ambata da nauyin zuciya. A 1995 Werner Bezwoda, farfesa a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg, ya wallafa a Journal of Clinical Oncology cewa ba wa mata masu sankarar mama magani mai tsananin ƙarfi, sannan a mayar musu da ƙwayoyin ɓargonsu, yana tsawaita rayuwarsu. Mutum ne mai suna, mujallar kuma babba ce, kuma dubban mata sun sha wahalar wannan hanya a shekarun nan. Sauran manyan gwaje-gwaje ba su sami abin da ya ce ya samu ba. Da masu bincike suka je a farkon 2000 suka fara neman fayilolin marasa lafiyarsa, sai aka tarar bayanan ba su da tushe, jami'ar ta kore shi, mujallar kuma ta janye maƙalar a 2001. Wannan ne ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a kan kowane sakamako ita ce ko wasu masana, a wasu asibitoci, sun maimaita aikin sun ga abu ɗaya. PubMed yana sanya alama bayyananna a kan maƙalar da aka janye, don haka ba za ta ɓuya maka ba.

Za ka iya cin karo da wata lamba da ake kira ma'aunin h, wadda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan ta mutum 20 ce, yana da maƙalu 20 waɗanda aka kafa hujja da kowacce aƙalla sau 20. Ta fi ƙidaya zalla amfani, sai dai tana fifita wanda ya daɗe a aiki a kan matashi, komai hazaƙarsa.

A ganina, bayan ka gama duba jerin, hukuncin yana ɗakin ganin likita. Akwai ƙwararrun da ba su da lokacin rubutu saboda yawan marasa lafiya, akwai kuma manyan masu bincike da rabonsu da duba mara lafiya an daɗe. Ku je wurin kowannensu tare da ƙanwarka, ku tambaye shi masu CML nawa yake kula da su a yanzu, da kuma inda zai tura jininta a auna yawan BCR-ABL, domin ƙa'ida ita ce a yi wannan awo duk bayan wata uku a farkon magani, kuma ana son ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka a wata na uku. Ku tambaye shi abin da zai yi idan imatinib bai kama ta ba, ku ji ko zai ambaci magungunan da suka biyo baya, irin su dasatinib da nilotinib. Ku lura ko ya tsaya ya yi mata bayanin illar tsallake shan ƙwayar, domin wasa da magani yana cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Idan kuma tana da aure ko tana shirin yi, lallai a yi maganar ciki tun a zaman farko, saboda waɗannan magunguna suna iya cutar da ɗan tayi, kuma akwai tsarin da likita zai bi da ita kafin ta ɗauki ciki. Ku tafi da takardun duk gwaje-gwajen da aka riga aka yi mata, musamman na ɓargo, don kada a sa ta maimaita shi ba tare da buƙata ba.