Amsa ga mai tambaya kan samun PrEP ta waya a Amurka

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Kin ce yana ɗauke da HIV, ke kuma ba ki da ita, kina jin nauyin zuwa asibiti kar ki yi kiciɓis da wanda ya san ku. E, ana samun maganin rigakafin, wato PrEP, ba tare da kin taka ƙafa asibiti ba.

Za ki cike bayanai a intanet, likita ya kira ki ta bidiyo. Amma ba zai rubuta miki komai ba sai an yi gwaji. Wasu kan aiko ɗan akwati gida: ki soki yatsa, ki ɗiga jini a kati, ki mayar ta gidan waya. Ana duba HIV, lafiyar ƙoda da ciwon hanta nau'in B. Kada ki raina na hantar nan, don mai shi in ya daina shan Truvada, wato ƙwayar PrEP ɗin, kwatsam ciwon na iya tasowa.

Ƙwaya ɗaya ce kullum, kuma CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce tana rage haɗarin kamuwa ta saduwa da kusan kashi 99 cikin 100 in ba a fashi. Duk wata 3 a sake gwaji. Allurar PrEP mai suna Apretude, ta duk bayan wata 2 kam, dole sai an je an yi miki.

Ki faɗa wa likitan ko maigida na shan maganinsa daidai, don in ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jininsa ba ya yaɗa ta ta saduwa. Yawancin inshora na biyan kuɗin PrEP.