Farin tangaran da ke cikin ƙarfen narka dalma: me ya sa wani ke daɗewa, wani ke saurin mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran waya ne. Ƙarfen narka dalma da nake aiki da shi ya daina zafi. Da na kwance shi sai na tarar da wani farin abu siriri kamar alli, ya tsage, gefe ɗaya kuma ya yi baƙi. Na sa sabo, bai yi wata biyu ba shi ma ya mutu, alhali na asalin ya shekara uku. A ido duk ɗaya suke. Mene ne wannan abu, kuma ina bambancin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan ba alli ba ne, tangaran ne da ake kira alumina, wato haɗin alminiyom da iskar oksijin. Da shi da dutsen yaƙutu asalinsu ɗaya, kuma shi ne farin da kake gani a jikin fulogin mota. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Abin da ya sa aka zaɓe shi halaye biyu ne da ba kasafai suke haɗuwa a abu ɗaya ba: yana tare wutar lantarki, amma yana barin zafi ya ratsa shi, har ya ninka gilashi fiye da sau 20 a wannan fanni.

Yadda ake ƙera shi zai nuna maka inda matsalar take. Ana kwaɓa garin alumina a shimfiɗa shi ya yi falle kamar takarda, a zana masa siririn layi da tawadar ƙarfen tangstin, a naɗe shi, sannan a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,600 cikin tanderun da aka hana oksijin shiga. Wannan layin shi ke yin zafi idan wuta ta bi ta cikinsa, kuma shi da tangaran gaba ɗaya ake kira hita. Tangstin kuwa da zarar ya yi zafi ya haɗu da iska sai ya ƙone, don haka tangaran ɗin shi ne rigarsa, shi ne garkuwarsa. Tsaga ɗaya ta ishi iska ta shiga ta gama da shi.

Bambancin da kake tambaya a kai ido ba ya ganinsa, domin yana cikin tsarkin garin ne. Ana tace alumina daga dutsen boksait ta hanyar da Carl Josef Bayer ya ƙirƙira a wajajen 1888, inda ake dafa dutsen cikin ruwan soda mai ƙuna, kuma wannan dahuwa kan bar ɓurɓushin sodiyam a garin. Bayan haka masu ƙira kan ƙara silika da kalsiyam da magnesiyam da gangan, don tangaran ya kama a zafin da bai kai sosai ba, su rage kashe kuɗi. Shi ya sa akwai mai tsarkin kashi 92 cikin 100, akwai mai 96, akwai mai 99.5. Waɗannan ƙare-ƙaren suna taruwa a tsakanin ƙwayoyin alumina su zama wani abu mai kama da gilashi. Idan abin yana da sanyi, suna nan daram. Idan ya ɗau zafi sosai, ƙwayoyin sodiyam da na kalsiyam sai su samu kafar motsi, kuma da yake suna ɗauke da caji, wutar lantarki na iya jan su.

A nan irin wutar ke da muhimmanci. Wutar AC, irin ta soket, kai da komo take yi, sai ta ja su nan ta dawo da su can. Wutar DC, irin ta batir, gefe ɗaya ta sani. Kullum tana tura su wajen ƙafar nagetif, su yi ta taruwa a can har wurin ya canza launi, ya yi rauni, ya tsage, inda suka baro kuma ya zama holoƙo. Idan ka ji masana na cewa alumina tana da juriya ga wuta a cikin zafi, wannan suke nufi: an tsarkake ta har babu abin da wutar za ta ja. Masu ƙera na'urar auna oksijin da ke jikin salansar mota sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin hitarta daga batir take shan wuta, kuma wasu irinta suna aiki a zafin digiri 700 zuwa 800. Abin sha'awa, wannan motsi na sodiyam da ake gudu a hita shi ne injiniyoyin kamfanin Ford suka nema da gangan a shekarun 1960, suka yi batirin sodiyam da salfa da wata irin alumina mai barin sodiyam ya wuce.

A ƙarfen dalma zafin bai kai na salansa ba, don haka wannan ciwo a hankali yake ci. Abin da ya fi saurin kashewa shi ne tsagewa, kuma tangaran marar tsarki ya fi saurin yin ta. Ina roƙonka ka daina buga ƙarfen a kan tebur don kakkaɓe dalma, domin alumina tana da tauri amma ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Kada kuma ka bar shi a digiri 450 tun safe har dare. Dalma mai kashi 63 na kuza da 37 na darma (lead a Turance) tana narkewa a digiri 183, marar darma kuma a wajen 217, saboda haka 320 zuwa 350 ya ishe ka yawancin aikin waya. Kafin ka sa sabuwar hita, ka tabbatar ƙarfin wutarta ya dace da injinka, wato wanda ke ba ƙarfen wuta, don akwai ta bolt 24, akwai wadda ke shan wutar soket kai tsaye, kuma ka auna ta da mita ka gwada da abin da kamfanin injin ya rubuta.

Abu ɗaya da ya fi damuna shi ne wayoyin mutane da ke hannunka. Tangaran marar tsarki idan ya yi zafi yakan bar ɗigon wuta ya zurara zuwa bakin ƙarfen, kuma ƙananan na'urorin da ke kan allon waya ba sa jure wannan. Ka tabbatar ƙafa ta uku ta fulogin injinka, mai kai wuta ƙasa, tana haɗe da gaske.

Tambaya: Malam, ita kuma na'urar hura iska mai zafi da muke cire IC, wato ƙananan na'urorin kan allon waya, da ita, na ga waya ce a nannaɗe a cikinta. Ita ba ruwanta da alumina?

Amsa: Ya danganta da wayar. Idan nikurom ce, haɗin nikel da kuromiyam da Albert Marsh ya yi wa rajista a Amurka a 1906, fatar da ke kare ta daga ƙonewa ta kuromiyam ce. Idan kuwa irin Kanthal ce, ta kamfanin da aka kafa a Suwidin a 1931, akwai alminiyom a cikinta, kuma da ta yi zafi sai ta yi wa kanta siririyar rigar alumina. Da wannan riga wasu irinta ke kaiwa digiri 1,400. Kowace ce a taka, idan ka gama aiki ka mayar da hannun na'urar mazauninsa, ka bar fankar ta ci gaba da hurawa har ta tsaya da kanta, sannan ka zare wuta.