Amsoshin tambayoyinku: wane kundin waƙa ya cancanci kuɗinka?

Wani matashi daga Unguwar Rimi ya rubuto cewa yana yawan cin karo da jerin kundayen waƙa da masu sharhi suka zaɓa a matsayin gwanayen shekarun baya-bayan nan. Yana so ya fara tara nasa, kuɗinsa ba yawa, shin ya bi jerin daga sama zuwa ƙasa?

Ɗan'uwa, kafin ka ciro ko kwabo, duba su waye suka yi zaɓen, kuma yaushe. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin kundaye 500 a 2003, ta ɗora Sgt. Pepper na Beatles a sama. Da ta sake zaɓen a 2020, bayan ta nemi ra'ayin mawaƙa, masu haɗa sauti da masu sharhi sama da 300, sai What's Going On na Marvin Gaye, wanda ya fito tun 1971, ya haye kan gaba, na Beatles ya gangaro na 24. A 2024 kuma Apple Music ta fitar da nata 100, ta ba kundin Lauryn Hill na 1998 kambu. Ko baiti ɗaya bai sauya ba a cikin waƙoƙin nan, alƙalan ne suka sauya. Galibinsu kuwa 'yan Amurka da Ingila ne, shi ya sa a jerin 2020 za ka ƙirga 'yan Afirka da yatsun hannu, Fela Kuti da King Sunny Ade na cikin waɗanda suka samu shiga.

Don haka shawararmu ka fara da abin da ya fi kusa da kunnenka, wanda kuma masu sharhin suka yarda da shi. In ɗaya tak za ka iya saye, ɗauki In the Heart of the Moon na Ali Farka Toure da Toumani Diabate, na 2005. A Bamako aka naɗe shi, jita ce da kora, wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa, suna amsa wa juna, murya kaɗan ce, kuma ya ci kyautar Grammy. Duk wanda ya tashi yana jin garaya ko gurmi ba ya buƙatar tafinta. Bayansa sai Aman Iman na Tinariwen, ƙungiyar Buzaye daga Mali, 2007. Gaskiya ne Tassili ne ya ciyo musu Grammy a 2012, amma a wurinmu Aman Iman ya fi shi kauri, tafi da amshin mata sun fi fitowa. Daga Nijar akwai Nomad na Bombino (2013), da Afrique Victime na Mdou Moctar (2021), sai dai wannan na biyun jitar lantarki ce mai zafi, ka saurara tukuna in kana son abu mai sanyi. Kaani na Tal National, 'yan Yamai, shi ma 2013, akwai Hausa a ciki, kiɗan kuwa ba ya barin mutum ya zauna. A gida Najeriya, kundin farko na Asa na 2007 har yau bai tsufa ba. Tsakanin African Giant (2019) da Twice as Tall (2020) na Burna Boy, na biyun ne ya ci kyautar Grammy, na farkon muke cewa ka saya.

Ga yadda za ka gwada kundi: ka saurare shi daga farko har ƙarshe sau biyu, a ranaku daban, ba tsallake. In ka ga hannunka na zuwa maɓallin wucewa a fiye da waƙa uku cikin goma, sayi waƙoƙin da ka so ɗai-ɗai ka bar sauran.

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta tambayi abu biyu: me ya sa ba ta taɓa ganin Shata a irin waɗannan jeri ba, kuma yaya za ta yi da kwali guda na kaset da mahaifinta ya bari.

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Amsar ta farko ita ce masu zaɓen kundi suke ƙirgawa, wato tarin waƙoƙi mai suna ɗaya, bango ɗaya, shekarar fita ɗaya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Maraya Jos, da Barmani Choge, yawancin aikinsu a fada, wurin biki da gidan rediyo aka naɗe shi, waƙa ɗaya kan cinye gefen kaset guda, masu kaset kuma kowa ya haɗa yadda ya ga dama. Ba kalangu ko kuntigi ne suka gaza ba, mudun da aka auna da shi ne ba nasu ba. Wannan kuma shi ne ya sa kwalin nan naki ke da daraja: ana iya samun ɗaukar wani wasa a ciki da ba ta yawo a kasuwa.

Kada ki fara zura su a kowace rikoda da aka tsinta a ɗaki. Rikodar da ta shekara goma a ajiye, bel ɗinta ya saki ko ya narke, robar da ke danne zare ta ƙandare, ita ce ke cinye kaset. A kai ta wurin mai gyaran rediyo ya sauya bel, ya goge hed da robar da auduga da sifirit, sannan a gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. In sabuwar saye za a yi, tsohuwar rikoda mai nauyi da aka gyara ta fi ƙananan sababbin nan masu kama da akwatin ashana, waɗanda injinsu ba ya riƙe gudu ɗaya, sai ki ji muryar Shata tana rawa. Kowane kaset a fara juya shi da biro a ji ko zaren na tafiya, a duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren bai faɗi ba. Wanda ya yi farar fumfuna a ware shi gefe. Daga nan a haɗa waya daga wurin iyafis na rikoda zuwa kwamfuta, a naɗa da manhajar Audacity, kyauta ce, a bar ƙarar ƙasa da jan layi don kada ganga ta fashe. Kaset na C60 awa ɗaya yake ci, C90 awa ɗaya da rabi, ba hanyar gaggawa. A ajiye asalin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kimanin megabait 10 kowane minti, a wuri biyu, a kuma ɗauki hoton bangon da rubutun da ke jiki. Kaset ɗin kansu a jera su a tsaye, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, nesa da zafin kwano da laimar damina.

Wani direba daga Kawo ya ce masu tura waƙa a kasuwa na cika masa memori da arha, amma a mota sai sautin ya zama kamar daga rijiya.

Malam, waƙar da aka matse aka sake matsewa ce, wata ma daga bidiyo aka ciro. Duba girman fayil: a 128 kbps, wato ma'aunin ingancin sautin fayil, kusan megabait 1 ne kowane minti, a 320 kusan biyu da rabi. Waƙar minti biyar da ba ta kai megabait 3 ba, ba lasifikar da za ta gyara ta. Memorin ma a kula, akwai jabu da ke nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai ba, sai tsofaffin waƙoƙi su riƙa lalacewa in an ƙara sababbi. Cika shi taf a ranar da ka saya, ka buɗe na farko da na ƙarshe. Na gaske mai 32 zai ɗauki kundi sama da 250 a 320. In kana son mawaƙin ya ga wani abu, musamman namu na Arewa, Boomplay, Audiomack da Spotify duk suna aiki a Najeriya, ka sauke inda data ke da sauƙi. Sai dai waɗannan haya ce, ranar da biyan wata ya tsaya waƙar na iya kullewa. Shafin sayar da waƙa na Bandcamp ne ke ba ka fayil ya zama naka.

Sai mai tambaya daga Malali, ko ya sayi garmaho tunda faifai ya dawo yayi. In ba ka riga ka mallaki faifai akalla ashirin ba, dakata. Zafin watan Maris da Afrilu na lanƙwasa faifan da aka kwantar ko aka bari a mota, ƙurar hunturu na cika layukansa, allura kuma tana cinyewa, samun wata a Kaduna sai an wahala. In an ba ka tsohon faifai, ɗaga shi a haske: ƙarcen da farce ke ji, allura ma za ta ji shi.