Amsa: Makarantar Ludgrove da Yarima William ya yi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Ludgrove sakandare ce. A'a, makarantar kwana ce ta yara maza masu shekara 8 zuwa 13, tana shirya su shiga manyan makarantu irin su Eton da Harrow.

Arthur Dunn ne ya kafa ta a 1892 a Cockfosters, arewacin Landan. Malami ne, kuma ya buga wa Ingila ƙwallon ƙafa, saboda haka tun farko wasanni suka samu gindin zama a makarantar. A 1937 aka mayar da ita kusa da Wokingham a yankin Berkshire, inda take har yau a fili mai kusan eka 130. Akwai filayen kurket, wurin ninƙaya na cikin gida, ɗakin wasan kwaikwayo da ƙaramin filin golf. William ya shiga a 1990, ya fita a 1995 zuwa Eton, ƙanensa Harry ma nan ya yi.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne ƙanƙantar yaran. Yaro ɗan shekara 8, wanda bai gama famfara ba, ga shi yana kwana nesa da mahaifiyarsa, sai bayan mako biyu ya je gida. Kayan more rayuwa kam akwai su, amma ni da ɗana ne, da na jira ya ƙara wayo tukuna.